Jikin Nasu Ne, Fuskar Ta Wasu: Labarin Hoton Tallan Ford Na 1996

A farkon shekarar 1996 wani mutum da ke aiki a masana'antar motocin Ford ta Dagenham, can gabashin Landan, ya shiga shagon dilan motocin kamfanin, ya ɗauki ɗan littafin tallan nan da ake zube wa kwastomomi a kan tebur, na tsarin sayen mota bashi kana biya kaɗan-kaɗan. Hoton da ke jiki ya san shi sarai, ai shekara biyar baya aka ɗauke shi, ranar da aka tara ma'aikata aka jera su don tallan kamfani. Ya duba inda wani abokin aikinsa baƙar fata ya tsaya ran nan, ga jikinsa, ga kayan aikinsa, amma kan da ke bisa wuyan na Bature ne. Ya duba sauran abokan aikinsa, su ma haka. Mutum biyar ne a hoton waɗanda ba farar fata ba, kuma duk biyar ɗin an sauya musu fuska.

Ni dai tun da na san labarin nan bai bar raina ba, kuma ina ganin ya kamata duk mai sana'ar hoto ko talla ko mai shago da ke buga fosta ya san shi daki-daki, don abin da ya faru bayan an gano shi ya fi hoton kansa ciwo.

Bari mu fara da wurin. Dagenham ba ƙaramar masana'anta ba ce, a 1931 aka buɗe ta a bakin kogin Thames, kuma a shekarun 1950 ma'aikatanta sun kai wajen dubu 40. Nan ne mata masu ɗinkin rigunan kujerun mota suka yi yajin aikin 1968, wanda ya taimaka aka samu dokar daidaita albashin maza da mata ta 1970, wato wuri ne da ya saba da fafutuka. Bayan yaƙin duniya na biyu Birtaniya ta rasa hannuwan aiki, sai ta buɗe ƙofa ga mutanen ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, jirgin ruwan nan Empire Windrush da ya kwaso mutanen Karibiyan a 1948 a Tilbury ya tsaya, a bakin wannan kogin dai, gaba kaɗan da Dagenham. Daga baya ga 'yan Indiya ga 'yan Pakistan ga 'yan Afirka. Su da 'ya'yansu suka cika layukan haɗa mota da sashen fenti da sashen injin, aikin tsayuwa, aikin dare, aikin da ke cin baya da gwiwa. Zuwa shekarun 1990 kaso mai tsoka na ma'aikatan wurin ba farar fata ba ne.

To a 1991 Ford ta fito da wani babban kamfen na talla mai taken da ke nufin duk abin da muke yi kai ne ke tuƙa shi, wato kai kwastoma. Kamfanin talla na Ogilvy & Mather ne ke riƙe da aikin. Cikin dabarun akwai nuna ma'aikata na gaskiya, su da suke ƙera motar da hannunsu, maimakon a ɗauko 'yan kwalliya a biya su su yi murmushi. Nan ne fa gaɓar da nake so a riƙe. Darajar hoton gaba ɗaya a kan gaskiyarsa take, kamfani yana ce wa mai saye ga mutanenmu, dube su, su ne mu. Kuma ka san yadda abin yake ga talaka mai aikin ƙarfi, a ce cikin dubban mutane an zaɓe ka ka wakilci kamfani, za ka kai hoton gida, matarka ta gani, yara su nuna wa abokansu, wataƙila ma a aika wa dangi a Jamaika.

Sai ga kasuwar Polan. Gurguzu ya faɗi a 1989, gabashin Turai ya buɗe, kamfanonin yamma kowa na rige-rigen shiga da kayansa. Ford na son amfani da hoton a can. Bayanin da kamfanin ya bayar daga baya shi ne wai hoton Ingila bai dace da yanayin al'ummar Polan ba, tun da kusan kowa a can farar fata ne, shi ya sa aka yi wani kwafi na daban aka mayar da kowa fari.

Ku tsaya mu kalli yadda ake irin wannan aiki a wancan zamani, don mutane suna ɗauka kamar filtar waya ce da za ka taɓa da yatsa ɗaya. Photoshop kansa, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, a 1990 ya fara fitowa, gyaran hoto a lokacin aiki ne na ƙwararru mai cin lokaci da kuɗi. Sai wani ya zauna ya ce a yi. Sai an nemo fuskokin Turawa biyar da za su hau kan waɗannan wuyoyin, a daidaita girman kai, a daidaita inda haske ke faɗowa, a goge gefe-gefe kar a ga ɗinki. Sai wani ya duba ya ce ya yi kyau, wani ya sa hannu a takardar biyan kuɗi. Duk wannan layin mutane, masu digiri masu ofis, babu wanda ya tsayar da aikin, kuma babu wanda ya taka zuwa Dagenham ya ce wa masu jikin, malam ga abin da za mu yi da hotonka, ka yarda? Ɗaya daga cikin ma'aikatan biyar ɗin, dattijo da ya daɗe a kamfanin, ya ba 'yan jarida labarin cewa ya ga jikinsa cikin rigar aiki, har zobban da ke yatsunsa suna nan, amma an ɗora masa farar fuska an kuma saka masa tabarau, shi da ba ya sawa a hoton. Wata matashiya a cikinsu kuma aka mayar da ita Baturiya da ta girme ta nesa ba kusa ba. Zobban nan su suka fi tsaya min wallahi. Zobe abu ne na mutum shi kaɗai, wataƙila na aure ne, wataƙila kyauta ce, an bar shi a yatsa an cire mai shi.

Lokaci ya wuce ba wanda ya ji komai, don hoton yana can wata ƙasa. Sai da aka tashi buga sabon littafin tallan bashin mota na Ingila, aka je ma'ajiya aka ɗauko hoton, ashe kwafin Polan aka ɗauko. Aka buga, aka rarraba a shagunan diloli. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Labari ya bazu a masana'anta, ran mutane ya ɓaci, ɗaruruwan ma'aikata suka ajiye kayan aiki na 'yan sa'o'i. Ƙungiyar ƙwadago ta TGWU ta shiga maganar, kuma shugabanta a lokacin Bill Morris ne, haifaffen Jamaika, baƙar fata na farko da ya jagoranci babbar ƙungiyar ƙwadago a Birtaniya, ka ga ba abin da za a lallaɓa a rufe ba ne. A watan Fabrairun 1996 jaridu suka buga hotunan biyu gefe da gefe. Ford ta ba da haƙuri, ta janye littattafan, ta ba huɗu daga cikin ma'aikatan cek na fam 1,500 kowanne, ta ce kuskure ne aka yi kuma babu niyyar wariyar launin fata a ciki.

Nan ne inda nake son mu daɗe. Wanne ne kuskuren? In ka bi bayanin a hankali za ka ga abin da ake kira kuskure shi ne ɗauko kwafin da ba shi ba daga ma'ajiya, wato hoton da aka yi don Polan ya ɓace hanya ya dawo gida inda masu shi za su gan shi. Shi kuwa yanke kawunan, ai da gangan aka yi shi, da dalili, da kasafin kuɗi, har ma an kawo dalilin a matsayin kariya. Da ma'aikacin ma'ajiya ya miƙo kwafin daidai, da har yau mutanen nan ba su san cewa jikinsu ya yi tallan mota a Warsaw, babban birnin Polan, da kan wani ba. Haƙurin da aka ba su na sun gani ne. Wannan irin haƙurin duk mun san shi a zaman duniya, mutum ya yi da kai a bayan ido, magana ta dawo kunnenka, ya zo yana cewa wallahi ban so ka ji ba.

Kuma maganar babu niyya, ni na yarda da ita har wani wuri, shi ya sa ma abin ya fi ba ni tsoro. Ba na jin akwai wanda ya zauna a ofis yana ƙunar zuci yana cewa bari in wulaƙanta baƙaƙe. Abin da ya faru shi ne an kalli baƙar fuska kamar yadda mai gyaran hoto ke kallon tabon maiƙo a riga ko wayar lantarki da ta ratsa sararin sama, wani abu da zai iya damun mai saye, to a share. Ba sai da ƙiyayya ba, lissafi kawai ya wadatar. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1999, rahoton tsohon alƙali Macpherson kan yadda 'yan sandan Landan suka yi da binciken kisan wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, ya sa kowa a Birtaniya ya san kalmar wariyar da ke cikin tsarin hukuma, irin wadda ba sai ka nuna mugu ɗaya da yatsa ba, tsarin ne da kansa ke fitar da sakamakon. Hoton Ford misalinta ne tsaf, tun kafin sunan ya yaɗu.

Yanzu a yi adalci ga hujjar kasuwa, don ba shirme ce gaba ɗaya ba. Kowane mai talla yana son mai saye ya ga kansa a cikin tallan. Kamfanin sadarwa ko na sinadarin ɗanɗano in zai kafa allo a Kano zai sa mace da mayafi da namiji da hula, in Legas ne ya sa wasu, ba wanda zai ce an yi laifi, hasali ma in ba su yi haka ba mu ne za mu fara ƙorafi. To da Ford ta ga hoton Dagenham bai dace da Polan ba, hanya a buɗe take, a tara 'yan Polan masu sayar da motar ko masu gyaranta a ɗauke su, ko a nuna motar kawai a kan titi. Kamfani irin Ford kuɗin ɗaukar sabon hoto ba zai girgiza shi ba. Amma aka zaɓi a riƙe hoton da ƙarfinsa shi ne ga ainihin ma'aikatanmu, sannan a yi ƙarya a cikinsa daidai kan wannan batu. An yi wa ma'aikatan laifi, an kuma yi wa 'yan Polan laifi biyu: an nuna musu masana'antar da babu ita a duniya, sannan an yanke musu hukunci tun kafin a tambaye su cewa ba za su iya kallon baƙin mutum su sayi mota ba. In ma akwai masu irin wannan ra'ayi a can, kuma ko'ina akwai su, to tallan ya bi su ya shafa musu kai ne, ya ce kuna da gaskiya, mun kawar muku da shi.

Fam 1,500 kuma, kuɗi ne ga ma'aikaci a 1996, ban raina ba. Amma ka auna shi da abin da ake kashewa a kamfen ɗin talla na kamfanin mota, sai ka ga kamar an yayyafa ruwa a dutse mai zafi. Kuma abin da ya sa ma'aikatan suka fusata haka shi ne hoton ya faɗo kan miki da ma yana nan. A wannan tsakanin dai ake rigima kan sashen direbobin manyan motocin kamfanin a Dagenham, aikin da ya fi albashi mai kyau, wanda kusan duk farar fata ne a ciki, ana zargin aikin na zagayawa tsakanin dangi da abokai, baƙi da ɗan Asiya su nema su rasa. A 1999 kuma aka kai ƙarar wani ma'aikaci ɗan asalin Indiya da ya sha zagi da barazana na shekaru a sashen injin, kamfani ya amsa laifi a gaban kotun ma'aikata, abin ya yi ƙamari har sai da shugaban Ford na duniya gaba ɗaya, Jacques Nasser, ya taso ya zo Landan a watan Oktoba ya zauna da shugabannin ƙwadago. Saboda haka mutumin da ya ga an cire fuskarsa a littafin talla, ba sabon labari aka ba shi ba, abin da yake ji a jikinsa kullum ne aka buga masa a takarda mai sheƙi: ƙarfinka muna so, kai ne dai ba ma son a gani a gaba. A 2002 aka daina haɗa motoci a Dagenham, aka bar aikin injin.

Za ka ce to ai an koyi darasi, duk duniyar talla ta ji. Shekara 13 bayan rigimar hoton Ford, Agustan 2009, sai ga Microsoft. Hoto a shafinsu na Amurka, mutum uku a teburin taro, ɗan Asiya da baƙar fata da Baturiya. A shafinsu na Polan, Polan ɗin dai, an cire kan baƙin an ɗora na Bature, sai dai mai aikin ya manta da hannu, ga farar fuska ga baƙin hannu a kan tebur. Wannan karon ba a jira shekaru ba, zamanin intanet ne, mutane suka jera hotunan biyu suka yaɗa, kamfanin ya ba da haƙuri ya sauke hoton. Mutane da yawa dariyar rashin iya aikin suka yi ta yi, ni kuwa hannun nan da zobban dattijon Dagenham abu ɗaya suke gaya min. Akwai ma ta ɗaya gefen, a shekarar 2000 Jami'ar Wisconsin a Amurka ta ɗauko fuskar wani ɗalibi baƙar fata ta liƙa cikin taron farar fata 'yan kallon ƙwallo a bangon littafin neman shiga makaranta, don a ga kamar kowa da kowa na nan, alhali bai je wasan ba. Can an cire, nan an ƙara, amma duka biyun ba a tambayi mai fuskar ba.

Na san wani zai ce wannan rigimar Turawa ce da baƙaƙen da ke zaune cikinsu, mu ina ruwanmu, mu da kowa baƙi ne. Gaskiya ba ɗaya ba ne, mu ba a cire mu daga hoto don ƙabila, amma jimlar nan ta haka kasuwa ke so tana nan a bakinmu. A 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce kan tallan wani man Nivea da aka nuna a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin, inda fatar matar ke yin haske tana shafa man, a Ghana har aka yi gangamin a sauke allunan. Wannan babban kamfani ne. Na ƙasa-ƙasa kuwa kullum muna cikinsa, ka duba hotunan masu sayar da atamfa da leshi da mayafi a Instagram da WhatsApp, ka duba fostar shagon ɗinki, ka ga yadda ake wanke fuskar mai tallan har hancinta ya kusa ɓacewa.

Lokacin bikin ƙanwata ni na je karɓo hotunan da za a buga a kalanda da jakunkunan rabo. Ita baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi na gidanmu, kamar mahaifinmu. Yaron studiyon ya juyo min da kwamfuta yana jiran yabo, na ga wata farar yarinya sanye da kayan ƙanwata, hannunta da ya sha lalle yana kan kafaɗar ango, hannun nata ne, da launinsa, fuskar kuwa an haska ta har ta fi bangon ɗakin. Na ce masa wannan fa? Ya ce, "Yaya ai haka ake yi yanzu, in na bar ta yadda take cewa za a yi ban iya editin ba, gobe ba mai kawo min aiki." Ba mugu ba ne, yaro ne mai ladabi mai neman na kansa, kuma na san gaskiya ya faɗa game da kwastomominsa. Na tura wa Hajiyarmu hoton a waya ban ce komai ba, ta kira ni ta ce, "Wannan 'yar waye aka sa kusa da mijin Auta?"

Na zauna a bencin studiyon na ce ya buɗe na asalin, ya gyara haske da inuwa yadda aikinsa ya tanada amma kar ya taɓa launin fatarta. Ya yi shiru, ya ce to sai dai kar a sa sunan shagonsa a ƙasan kalandar. Na ce na yarda. Haka aka buga su guda ɗari biyu babu suna, ɗaya tana rataye a falon Hajiya har yanzu duk da shekarar ta wuce.